Yadda Ake Haɗa Wi-Fi a Ajin Koyon Faransanci ko Larabci, Ko da Babu Data

Malamin da ke da ɗalibi 50 a aji da darasin minti 40, in ya ce kowa sai ya yi magana da shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai samu cikakken minti guda. Ga shi kuma jarrabawar WAEC ta Faransanci da ta Larabci tana da ɓangaren baka, inda yaro zai saurara, ya yi karatu a bayyane, ya kuma amsa tambaya da bakinsa. Amfanin Wi-Fi a ajin harshe ke nan: kowane ɗalibi ya samu abin saurare a kunnensa, ya maimaita yadda yake so, ya naɗi muryarsa ya tura wa malami. In ba wannan za a yi da shi ba, gara a sayi lasifika mai kyau a huta.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne Wi-Fi daban, intanet daban. Rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, tana iya haɗa wayoyin aji da kwamfutar malami ba tare da layin MTN ko Airtel ko Glo a cikinta ba, kuma ba a kashe ko sisi na data. A kan wannan za a gina komai, intanet ya zama ƙari na ranar da ake buƙata. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar dogon bayani a nan: a ƙarshen 2021 an rufe sabis a wasu sassan jihar kusan wata biyu saboda tsaro, a watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi ta rarrafe a ƙasar nan. Ajin da darasinsa ke ajiye a cikin ɗakin bai san an yi ba.

Kafin a je kasuwa

A fara ƙirga na'urori kafin ɗalibai. Waya ɗaya ga mutum biyu ta fi waya ɗaya ga kowa a ajin harshe, domin dole su yi magana da juna, kuma nauyin da ke kan rauta ya ragu da rabi. Ajin mutum 50 na buƙatar waya ko tabulet 25 ke nan. Ɗaliban KASU ko ABU ko kwalejin ilimi ta Gidan Waya, da ajin manya na Islamiyya, kusan kowa da wayarsa. A sakandare kuwa makarantu da yawa sun hana zuwa da waya, don haka sai an samu izinin shugaban makaranta a rubuce, an kuma yi wa iyaye bayani a taron PTA. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan yaro, muryarsa da hotonsa kuwa suna ciki. A tsaya a murya, a bar ɗaukar bidiyon ɗalibai, musamman 'yan mata. Rigimar da za ta biyo baya ta fi amfanin yawa.

Wi-Fi na aiki a zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, sai a duba wayoyin nan ko suna ganin na 5GHz. Wayoyi masu araha da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma wannan ne zai nuna irin rautar da za a saya.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa, kuma ana samunsu a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna. Rauta mai zango biyu, wadda aka rubuta Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6 a kwalinta, ramukan kebul ɗinta kuma na gigabit. Masu arha ramukansu ba sa wuce megabit 100 a sakan, su ne ke shaƙe bidiyo. Kwamfuta ɗaya da za ta zama rumbun darasi, inda za a ajiye darussa wayoyi su riƙa ɗiba, tsohon laftof ma ya isa, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4. Kebul ɗin Cat6 daga rumbun zuwa rauta. Iyafis mai waya ga kowane ɗalibi, da ɗan abin raba rami biyu don mutum biyu su saurara a waya ɗaya. Lasifika guda.

Kada a ce za a yi da MiFi ko hotsifot ɗin wayar malami. Yawancinsu na'ura 10 ko abin da ya ɗan ɗara haka suke ɗauka, ta gaba sai ta yi ta juyi ba ta shiga. Iyafis na Bluetooth ma a bar shi gida: a zangon 2.4GHz yake aiki, wuri ɗaya da Wi-Fi, in suka yi yawa a ɗaki sauti ya riƙa yankewa, ga cajinsu wani aiki ne daban. A wajen sayen kebul a kankare bakin waya ɗaya da reza. In cikinta ja ne har tsakiya, tagulla ce. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa a wurin matsi kuma ba ya kai nisa. Araha ba ta ado.

Wuta

Nan ne yawancin irin wannan aiki ke mutuwa, alhali lissafinsa ɗan kaɗan ne. Rautar gida tana cin wat 6 zuwa 12. Raspberry Pi 4 ba ta cika wuce wat 7 ba. A haɗa a ce wat 20, a yi awa 6 na makaranta, ya zama 120Wh a rana. Batirin 12V mai 40Ah yana ɗauke da 480Wh, amma batirin dalma ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya daɗe, saura 240Wh, wato kwana biyu na karatu. Faifan sola mai wat 100 da na'urar daidaita caji zai mayar da abin da aka ci a rana ɗaya, sai dai a watan Agusta da hadari ke yini, da ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, cajin yana raguwa. Ƙaramin batiri mai 7Ah, irin na cikin UPS, awa huɗu zai riƙe rauta ita kaɗai.

A karanta rubutun da ke jikin cajar rauta kafin a haɗa ta da batiri kai tsaye. Wasu 12V suke sha, wasu 9V, kuma batirin da ke kan caji yana hawa har 14.4V, don haka a sa abin daidaita wuta a tsakani. Wanda ke son sauƙi ya sayi ƙaramin UPS na rauta, wanda ke fitar da 9V da 12V da 5V. Fawa bank da kebul mai ɗaga wuta zuwa 12V yana aiki, amma wasunsu suna yanke wuta na ɗan sakan duk lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke, rauta ta mutu ta sake tashi, aji ya yi asarar minti biyu ko uku. Ita Raspberry Pi 5V da 3A take so cif. In wutar ta gaza ko aka zare ta ba a kashe ba, memorinta na lalacewa, darasin zangon karatu guda ya tafi. Laftof ya fi ta a nan, tunda batirinsa na jikinsa.

Daga Mayu zuwa Oktoba, da an ga hadari ya haɗo a zare komai daga soket ɗin bango. Kada kuma a ja kebul ta sama daga wannan gini zuwa wancan. Tsawa ba sai ta faɗo a kansa ba take ƙona ramukan rauta.

Inda za a kafa rauta

A cikin ajin, a sama, kamar mita biyu da rabi daga ƙasa, a tsakiyar doguwar bango ko a silin. Jikin mutum ruwa ne mafi yawansa, yana shanye sigina, shi ya sa rautar da aka ajiye a teburin malami take aiki lafiya lau ranar gwaji da aji ba kowa, ranar darasi kuma 'yan bencin baya su rasa. Bulo mai inci 9 yana rage sigina sosai, na 5GHz ya fi shan wahala, ginin ƙasa mai kauri irin na cikin birnin Zariya ya fi haka ma. Rauta ɗaya a ofishin shugaban makaranta ba za ta ciyar da azuzuwa shida ba, ko me mai shago ya faɗa.

Tsoron ɓarayi kan sa a kulle rauta a akwatin ƙarfe, ƙarfe kuwa yana tare siginar gaba ɗaya. A yi akwatin katako mai ramukan iska da kwaɗo, ko a riƙa cire ta bayan an tashi. A nisanta ta da kwanon rufi saboda zafin Maris da Afrilu, a kuma hure ƙurar hunturu daga ramukanta lokaci-lokaci. Bayan an kafa, a sauke manhajar auna Wi-Fi a waya, a zagaya kusurwa huɗu na ajin ɗalibai na zaune. In lambar ta nuna -67 ko abin da ya fi kusa da sifili, kamar -55, lafiya. Daga -75 zuwa ƙasa sauti zai riƙa tsayawa.

Saitin cikin rauta

A haɗa laftof da rauta da kebul, a buɗe burauza, a rubuta adireshin da ke manne a ƙasan rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Aikin farko shi ne canza kalmar sirrin shiga saitin kanta. In aka bar admin da admin, kafin sati ya zagayo wani ɗan SS2 ya canza sunan Wi-Fi ya kori kowa.

Sai suna. A ba zangunan biyu suna daban, misali Aji-Faransanci da Aji-Faransanci-5, duk wayar da ke ganin na biyun a tura ta can. Dalili shi ne galibi rauta da waya ɗaya take magana a lokaci guda a kowane zango, kamar famfo ɗaya da layin masu ɗiban ruwa: mai jinkiri in ya tsaya a baki, duk na bayansa sai sun jira. Tsohuwar waya mai raunin sigina tana cinye lokacin sauran. In aka kwashe masu sauri zuwa 5GHz, layin 2.4GHz ya ragu. Rautar gida mai kyau tana riƙe na'ura 20 zuwa 30 masu aiki a lokaci ɗaya, in sauti ne da rubutu. In saitin yana da Airtime Fairness, a kunna.

A zangon 2.4GHz tasha uku ce kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. A duba da manhajar aunawa wace ce maƙwabta ba su cika ba, a zaɓe ta da hannu, a sa faɗinta 20MHz. Makarantar da ke cikin cunkoson Tudun Wada ko Unguwar Rimi za ta ga Wi-Fi ɗin gidaje da shaguna barkatai. Ta bayan gari wataƙila ba kowa sai ita. A 5GHz a tsaya tsakanin tasha 36 da 48. Tashoshi 52 zuwa 144 ana raba su da na'urorin hango jiragen sama, rauta na jin alamarsu take barin tashar, kowa ya faɗi na ɗan lokaci.

Tsaro a sa WPA2. WPA3 ya fi ƙarfi, amma tsofaffin wayoyi ba sa gane shi. Kalmar sirri ba ta gaza harafi 8. A yi ta 12 ko fiye, a kashe WPS, hanyar shiga ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Maimakon rubuta ta a allo yara su yi ta kuskuren babban harafi da ƙarami, a shiga da waya ɗaya mai Android 10 ko sama, a fitar da lambar QR ta raba Wi-Fi, a buga a takarda, a riƙa zagayawa da ita. A canza kalmar kowane zangon karatu.

Yanzu sashen da aka rubuta DHCP, mai raba wa wayoyi adireshi. Rautoci da yawa adireshi 100 suke warewa, wasu kuma suna riƙe wa waya adireshinta awa 24. A makarantar da aji biyar ke shiga ɗakin a rana da wayoyinsu, kafin azahar adireshi ya ƙare, sabuwar waya ta tsaya tana neman adireshi har a tashi. A rautar da adireshinta 192.168.0.1 ne, a faɗaɗa daga 192.168.0.20 zuwa 192.168.0.250, a rage lokacin riƙo zuwa awa 2. Rumbun darasi kuma a kafe masa adireshi ɗaya da ba ya canzawa, a wajen wancan jeri, kamar 192.168.0.10, a rubuta shi da manyan lambobi a saman allo.

Abu na ƙarshe, a nemi inda aka rubuta AP Isolation a tabbatar a kashe yake. In yana kunne, kowace waya za ta nuna ta shiga Wi-Fi amma ba za ta ga 'yar'uwarta ba. Layin baƙi na rauta yawanci da wannan shingen yake zuwa, har rumbun ma yakan hana gani, don haka kada a sa ɗalibai a kansa.

In ɗaki ɗaya bai isa ba, a ƙara rauta ta biyu da kebul, wanda ke kai mita 100. A kashe DHCP ɗinta, a soka kebul a ramin LAN, a ba ta suna da kalmar sirri irin na farko amma tasha daban. In aka manta DHCP ɗin a kunne, rabin aji zai karɓi adireshin da ba ya kai shi ko'ina. Na'urar ƙara nisa da ba ta da kebul tana raba gudu biyu, a guje ta.

Rumbun darasi

A haɗa laftof ɗin da rauta da kebul, kada a bar shi a kan Wi-Fi, don kada ya shiga layin da ɗalibai ke bi. A saitin Windows a nuna cewa wannan haɗin na gida ne, a ba manhajojin izinin wucewa ta shingen tsaro lokacin da ya tambaya, a hana laftof barci ko da an rufe murfinsa.

Manhaja uku kyauta sun isa a fara. Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, an yi ta ne musamman don makarantun da ba intanet: malami ya buɗe aji, ya sa sunayen ɗalibai, ya ba da darasi da gwaji, ya ga wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ɗalibi zai rubuta http://192.168.0.10:8080 a burauza ya shiga. Cikin kayanta akwai gajerun labaran African Storybook da Faransanci da Turanci da Hausa. Kiwix tana ɗauke da Wikipedia da ƙamus ɗin Wiktionary na Faransanci ko Larabci, da Vikidia da aka rubuta don yara, duk a sauke sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi a kawo a filash. Sai LocalSend, wadda ke tura fayil tsakanin waya da kwamfuta ta cikin Wi-Fi ɗin aji. Da ita malami zai raba sauti, da ita ɗalibai za su dawo da muryoyinsu. A kunna karɓa kai tsaye a ta laftof, in ba haka ba malami zai danna amincewa sau 25. Makarantar da ke da malamin kwamfuta tsayayye za ta iya ɗora manhajar Moodle, wanda ya haɗa duk wannan wuri ɗaya, amma yana son mai kula.

Duk manhajar da wayoyi ke buƙata a sa ta kafin ranar darasi, har da allon rubutun Larabci ko na Faransanci a Gboard.

Shirya abin saurare

Sauti ba shi da nauyi. Fayil ɗin MP3 mai kilobit 64 a sakan bai kai rabin megabait ba a minti ɗaya, waya 25 na jansa tare ba su kai megabit 2 ba. Bidiyo mai 480p kuwa kusan megabit 1 yake ci a kowace waya, na 720p ya ninka haka fiye da sau biyu. Don haka bidiyon da kowa zai kalla tare a haska shi da majigi sau ɗaya. Wanda dole sai ya shiga wayoyi, a matse shi da manhajar HandBrake zuwa 480p, a tura layi-layi kafin darasi.

RFI tana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci na minti 10 tare da rubutaccen abin da aka faɗa, TV5Monde tana da darussa bisa matakan A1 zuwa B2, Al Jazeera tana da shafin koyon Larabci. Minti 10 ya yi wa ɗan sakandare yawa. A buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, a yanko sakan 60 zuwa 90, in maganar ta yi sauri a rage gudunta da kashi 10 ko 15 cikin ɗari ta hanyar da ba ta canza kaurin murya. In aka wuce haka magana ta daina kama da ta mutane.

Abin da ya fi waɗannan amfani shi ne wanda malami zai naɗa da kansa, ko ya roƙi wani mai kyakkyawan lafazi, domin shi ya san inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, don haka a jera port da fort, pin da fin, boire da voir, bain da vin. A ƙara tu da tout, rue da roue, dessus da dessous. A Larabci a jera قلب da كلب, zuciya da kare, da سيف da صيف, takobi da bazara, da kalmomin da ke raba ح da ه, da ع da hamza. Kowace kalma a faɗe ta sau biyu, a bar sakan uku na shiru don ɗalibi ya maimaita. Irin wannan bambanci ba ya fita ta lasifika a ɗaki mai rufin kwano da fanka na kaɗawa. A iyafis kuwa yaro na ji tar.

Sunan fayil a rubuta shi da baƙaƙen boko zalla da lambobi, ba é ko ç ko harafin Larabci, domin wasu wayoyi na mayar da su shirme. Rubutun Larabci da zai bi bidiyo a adana shi a tsarin UTF-8.

Yadda minti 40 zai tafi

Rauta da rumbu su kasance a kunne minti 10 kafin a shigo. Kowace waya da lambarta a baya, kowane mutum biyu sun san tasu, ɗalibi biyu ke rabawa. Minti 5 na farko na rabo ne da shiga. Kafin kowa ya sa iyafis, malami ya rubuta tambaya uku a allo. Wanda ya saurara ba tare da abin da yake nema ba, kiɗa kawai ya ji. Minti 7 na saurare, kowa ya maimaita inda ya ga dama. Minti 5 a kife wayoyi a kan benci a amsa tambayoyin da baki, sannan a nuna rubutun abin da aka ji.

Sai minti 10 na magana, wanda shi ne dalilin duk wannan wahala. A ba su yanayi takamaimai: ɗaya mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci, ɗaya baƙo daga Kwatano da ba ya jin Hausa, ko ɗaya alhaji da ya ɓace hanyar masaukinsa a Makka, ɗaya ɗan sanda. Su gwada sau biyu, su naɗi na uku, kada ya wuce sakan 90. Waya ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki. Mutum 50 na magana tare hayaniya ce, don haka rabi su fita baranda ko gindin bishiya, sigina na kaiwa. Su sa wa fayil suna da aji da lambobinsu, kamar SS2B-07-08, su tura layi-layi cikin minti 5. Malami ya saka biyu a lasifika, da yardar masu su, a gyara kuskure ɗaya ko biyu da ya game kowa. Minti 3 na ƙarshe a karɓi wayoyi a ƙirga kafin kowa ya fita.

Fayil 25 na sakan 90 kusan minti 38 ne na saurare. Malami mai aji biyar ba zai iya jin duka kowane mako ba, kuma ba dole ba ne. Ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ya riƙa juyawa, amma kada ɗalibai su san na wa za a ji. A ajiye naɗin makon farko, a ƙarshen zangon karatu a saka wa yaro shi da na ƙarshe ya ji da kunnensa.

Ranar da za a buɗe intanet

Da zarar waya ta ga Wi-Fi mai intanet sai ta ɗauka kyauta ne: ta fara sabunta manhajoji, ta ɗora hotuna, WhatsApp ya sauke bidiyon da ke jira. Waya 25 na iya cinye datar wata guda kafin a tashi. A saitin Wi-Fi na kowace Android a nuna cewa wannan haɗin mai awo ne, a laftof ma haka, in rauta na da wurin taƙaita gudun kowace na'ura a sa megabit 1. A wurin DNS na rauta a rubuta 1.1.1.3 da 1.0.0.3, na Cloudflare, masu tace shafukan batsa da na cuta. Ba ya hana yaro mai wayo da VPN, idon malami ne ke hana shi.

Hira ta bidiyo da wani aji a waje, laftof ɗaya da lasifika ɗaya ake yi da ita, ɗalibai su riƙa zuwa gaba bibbiyu da tambayoyin da suka shirya, sauran wayoyi a kashe. Megabit 2 hawa da sauka ya wadatar. Nijar da Benin da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya da namu, Saudiyya na gabanmu da awa biyu, Faransa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, ta wuce mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. In da 'yan Maraɗi ko Damagaram za a yi, malaman biyu su yi yarjejeniya tun farko, in ba haka ba kafin minti biyar hirar ta koma Hausa.

Abubuwan da ke yawan lalacewa

Waya ta shiga Wi-Fi amma shafin rumbu ya ƙi buɗewa: wannan ya fi kowanne yawa. Android na ganin ba intanet a Wi-Fi ɗin sai ta koma kan datar layi a ɓoye. A kashe data, in ta tambaya ko a ci gaba da zama a haɗin a ce e. In har yanzu, a duba ko VPN na kunne, a kuma tabbatar an rubuta adireshin da http:// a farko da :8080 a ƙarshe, domin burauza kan ɗauke shi a matsayin abin bincike. In duk aji ne suka kasa, matsalar ta laftof ce: ya yi barci, ko shingen tsaro ya tare, ko adireshinsa ya canza.

Maɓallin naɗar murya a cikin shafin Moodle ya ƙi aiki: burauza ba ta ba shafi makirufo sai adireshinsa na https ne, rumbun aji kuwa http ne. Kada a ɓata lokaci a kai, a naɗa da manhajar naɗar murya ta wayar a ɗora fayil ɗin. In ɗorawar ta ƙi, a duba iyakar girman fayil a saitin, wani lokaci megabait 2 kacal aka bari.

Komai na tafiya sai ya tsaya cak bayan awa biyu ko uku: a taɓa rautar. In ta yi zafi, iska take nema. In ba zafi, a auna batiri. Waya ɗaya ba sauti a kunne ɗaya, yawanci abin raba ramin ne ya saki, shi ya sa ake ajiye biyar na ko-ta-kwana. Iyafis da ke yawo kunne-kunne a goge shi da auduga da sifirit bayan kowane aji, ko kowane ɗalibi ya riƙe nasa.

In za a tafi dogon hutu, a kwafe foldar darussa da ta muryoyin ɗalibai a filash biyu, ɗaya a ofis ɗaya a hannun malami, a goge naɗin waɗanda suka gama makaranta. Batirin dalma a cika shi taf, a cire masa wayoyi, a ajiye a inuwa. In aka bar shi a sauke wata biyu, ba zai sake riƙe caji kamar da ba.